Ƙafar Madafa Mai Furen Dankali

Litinin, 3 ga Maris, 6:20 na safe

Wannan littafin na lissafa kayan aiki ne, daga maƙerar jami'a na ɗauko shi. Shafi goma na farko duk zarto ne da magagari. Ni Aquilino Siabato, wanda ya bar firamare a aji uku saboda kallon tanderu ya fi masa kallon allo daɗi, yau ga ni da alƙalami kamar alƙali. Da matata Hermencia tana gida, da ta ce in ajiye shi in je in watsa wa kaji masara. Na watsa. Sun kalle ni kallon baƙon da ya ɓata hanya, sannan suka ci, don kaza ba ta da zuciya.

Hermencia tana asibiti tun ranar Asabar. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Likita ya ce sai an yi aiki.

A kujerar falo na kwana. Ba wani abu ba ne, saman bene akwai sanyi.

Litinin, 5:40 na yamma

Na je asibiti da lemo guda shida. 'Yarmu Yolima na tarar a bakin ƙofar ɗakin, ta ce mutum ɗaya ake bari ya zauna, kuma ta riga ta zauna. Ta karɓi lemon ta ce, "An gode, don Aquilino."

A jami'a haka take kirana, kamar kowa, don ɗin nan na girmamawa ne, kamar a ce malam. Mun yi wannan yarjejeniya tun ranar da aka ɗauke ta koyarwa, shekara huɗu ke nan: a cikin maƙera ita ce profe, wato malama, ni ne mai kula da injuna, kada ɗalibai su ce ana son kai. Amma da mun fita ƙofar jami'a nakan koma sumercé, kiranmu na gida mai ladabi da ƙauna, kamar yadda take ce mini tun tana rarrafe. Na duba hagu na duba dama, ban ga ɗalibi ko ɗaya a asibitin ba.

Laraba, 5 ga Maris, 7:30 na safe

Na je coci an shafa mini toka a goshi. Na ce wa fada bai kamata ya wahalar da yatsansa ba, shekara ashirin da shida na yi a gidan zubin ƙarfe, tokar da ke cikin kunnena ta ishi unguwa guda. Ya yi dariya. Shi ne mutum na farko da ya yi dariyar maganata tun Asabar, kuma shi ma aikinsa ne haƙuri da mutane.

Guntun ƙarfen da na tsinta ranar Asabar yana cikin aljihun rigar aikina. Nauyinsa bai kai na ƙwai uku ba.

Alhamis, 6 ga Maris, 1:15 na rana

Yolima ta zo aji. Idonta ya faɗa, amma ta zo. Darasinta shi ne zaɓen abin da za a ƙera kaya da shi da kuma hanyar ƙera shi, ɗaliban injiniya 'yan shekara ta uku, su talatin da huɗu. Ni aikina in tsaya a baya kusa da injin yanka, in miƙo abin da aka nema, in hana su rasa yatsu.

Na haddace darasin nan fiye da addu'ar cin abinci. Takan ɗaga cokali, ko marfin tukunya, ko ƙafar keke, ta ce kada kowa ya ambaci sunan ƙarfe ko roba sai ya amsa tambaya uku. Wane aiki zai yi? Wace wahala zai sha, nauyi ne ko zafi ko ruwa ko duka? Guda nawa ake so, ɗaya ko dubu ɗari? Shekara huɗu ina jin tambaya uku. Yau da ta gama rubuta su a allo ta tsaya, allin yana hannunta, sai ta ƙara ta huɗu a ƙasa: in ya karye, wa zai ji ciwo?

Ba ta waiwayo ba. Na shiga goge injin da na riga na goge da safe.

Juma'a, 7 ga Maris, 4:00 na yamma

An yi aikin. An sa wa Hermencia ƙarfe a ƙugu. Na so in tambayi likita wane irin ƙarfe ne, sai na ga fuskar Yolima, na haɗiye tambayar.

Lahadi, 9 ga Maris, 8:10 na safe

Na gwada dafa changua, romon karin kumallo. Madara, ruwa, ƙwai, albasa, me zai gagari mutumin da ya narka ƙarfe? Ta fito kamar ruwan wanke tukunya. Na ba kaji, suka wuce ta gefenta.

Rigunana duk suna sama. Na wanke wadda ke jikina, na zauna cikin ruana, mayafina na ulu, har ta bushe.

Matakala goma sha ɗaya ne. Ban taɓa ƙirga su ba sai yanzu.

Talata, 11 ga Maris, 12:30 na rana

Muna da wani akwatin katako a maƙera, ɗalibai suna kiransa maƙabarta. Duk shekara nakan tara karyayyun abubuwa a ciki: hannun tukunya, haƙorin injin niƙa, maƙallin madubin babur, duk abin da ya mutu a bakin aiki. A mako na biyar kowane ɗalibai biyu sukan rufe ido su zura hannu su ciro gawa ɗaya. Aikinsu su gano da me aka yi ta, ta wace hanya, me ya kashe ta, sannan su zaɓi abin da ya kamata a yi ta da shi tun farko. Ni ne mai tara gawarwaki, ba wanda ke duba abin da nake sakawa.

Jibi za a ciro.

Yau ina jera su, sai hannuna ya shiga aljihu ya fito. Ban shawarci kowa ba, har da kaina.

Alhamis, 13 ga Maris, 2:00 na rana

Duván da Maryuri suka ciro shi. Duván dogo ne, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Maryuri ba ta magana sai ta auna abu sau biyu. Ya ɗaga shi sama ya ce wa aji shi dai ya samo fure, a taya shi neman amarya. Aka yi dariya. Rabin ƙafar madafar matakala ce ta ƙarfen zubi, ta karye a wuya, da furen dankali mai kunne biyar a jikinta.

Yolima tana rubuta wa ya ciro me. Da ta iso kansu alƙalamin ya tsaya. Ta daɗe tana kallon furen. Sannan ta rubuta, ta wuce ga na gaba.

Bayan an watse ta same ni ina share ƙurar ƙarfe. Ta tambaya ko ni na saka. Na ce wataƙila da ƙafarsa ya zo, ai ƙafa ce. Ba ta yi murmushi ba.

"Nan aji ne, don Aquilino. Ba ɗakin fada ba ne da za ka zo neman gafara."

Na ce in ta ga dama ta cire shi, in kawo musu hannun buta. Ta ce abin da aka ciro an ciro, ba ta canja wa kowa. Ta ƙara da cewa duk abin da suka nema in yi musu, kamar sauran, kuma kada in gaya musu komai.

Asabar, 15 ga Maris, 11:00 na safe

An bar ni na shiga, minti ashirin, Yolima ta tafi wanka. Hermencia ta ƙanƙance a gadon kamar an wanke ta ta tsuke. Abin da ta fara tambaya shi ne ko jar kazar tana ƙwai. Na ce tana yi, amma kazar ta ce sai uwar gida ta dawo za ta riƙa yin manya. Ta ce in daina ƙarya a gaban marar lafiya. Ta shinshina rigata ta ce kwana nawa. Na ce rigar ce ta ƙi rabuwa da ni, ita kaɗai ta rage mai sona.

Ba mu yi maganar ranar Asabar ɗin can ba. Da zan fita ta riƙe hannuna ta ce, "Furen dai ya yi kyau, tsoho."

Na tsaya a bayan asibiti wajen da ake ajiye shara, har na iya fuskantar titi.

Litinin, 17 ga Maris, 5:15 na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda littafin ba ya da baki.

Shekara guda Hermencia tana cewa gwiwarta tana son abin dafawa a matakala. Yolima ta ce za ta sayo na kanti, irin na bututun ƙarfe, a ɗaura da yamma ɗaya. Na ce a gidan mai zubi? Abin da masu walda ƙofa suke lanƙwasawa suna sauraron rediyo? Na ce a bar ni. Na sassaƙa samfurin ƙafar madafar da katako, mako uku. Hermencia a gonar dankali ta tashi, can sama wajen tafkin Tota, takan ce ba furen da ya kai nasa kyau kuma ba wanda ke kallonsa. Sai na sa shi. Kuma don furen ya fito sosai na rage kaurin wuyan, har ya zama siriri kamar na agwagwa. A bayan gidan wani tsohon abokin aikina muka narka, guda huɗu. Da suka huce na rataye kowace da igiya na ƙwanƙwasa ta da guduma, kamar yadda aka koya mini tun ina ɗan sha huɗu: in akwai tsaga ko rami a ciki za ta yi gum, in lafiya take za ta yi waƙa. Duka huɗun sun yi waƙa. Na ɗaura, na jingina da duk nauyina, ba su motsa ba.

Yolima ta zo ta gani a watan Disamba. Ta shafa wuyan da yatsa ta ce, sumercé, wannan ƙarfen ba ya son fizga. Na ce mata tun kafin a haife ta nake zubi.

Akwai rami a ciki, na tabbata. Iska ce ta shige lokacin zubawa. Yakan faru ga kowa.

Laraba, 19 ga Maris, 3:30 na yamma

Duván da Maryuri sun zo in yanka musu ɗan guntu daga bakin karayar. Na yanka, na nuna musu yadda ake gogewa da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi har ya yi ƙyalli. Duván yana gogewa yana surutu. Ya ce, maestro, haka ɗalibai suke kirana, ka taɓa ganin wanda ya sa wa jaki kwalliya? Ya ce duk wanda ya yi wannan yana da hannun mala'ika da kan tunkiya. Na ce ai tunkiyar ma tana da amfani, da gashinta aka saƙa ruanar ubansa. Ya yi dariya har ya goge yatsansa.

Maryuri ta tambaye ni, a ganina, mutumin ya san abin da yake yi? Na ce irinsu sun fi kowa sani, shi ne ciwonsu.

Alhamis, 20 ga Maris, 6:00 na safe

Zazzaɓi. Yolima ce ta aiko da saƙo a kan Hermencia, kalma ɗaya.

Juma'a, 21 ga Maris, 6:00 na yamma

Bai sauka ba.

Asabar, 22 ga Maris, 2:20 na rana

Na zauna a benci a wajen ɗakin tun safe. Yolima ta fito sau uku, ta wuce ni sau uku. A na huɗu ta ajiye mini kofin tinto, baƙin kofi, a gefen benci. Ba sukari. Ta san da sukari uku nake sha. Na shanye.

Litinin, 24 ga Maris, 7:00 na safe

Zazzaɓin ya sauka jiya da la'asar. Na gaya wa kaji.

Talata, 25 ga Maris, 4:45 na yamma

Yau aka sa guntun a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na ce musu su nemi rami, ko yashi da ya maƙale, a irin wannan karaya nan ake samun ɓarawon. Maryuri ta duba, ta juya, ta sake dubawa. Ta sa na yanka wani guntu daga wani gefen. Ta kai shi ɗakin da ake haska ƙarfe a ga cikinsa. Ta dawo ta ce babu rami, babu yashi, babu tsohuwar tsaga. Ta ce ba ta taɓa ganin zubi mai tsabta haka ba, ko a cikin samfuran da aka sayo wa jami'a.

Ta ce in leƙa. Na leƙa. Fili ne fari, cike da wasu baƙaƙen zare kamar tsutsotsi. Na ce to ga aibin nan. Ta ce a'a, maestro, haka ƙarfen zubi yake tun halittarsa, waɗannan baƙin gawayi ne da ke cikinsa. In ka danna shi, yana iya ɗaukar gida. In ka fizge shi ko ka lanƙwasa shi farat ɗaya, kowane zare ƙofa ce da tsaga za ta bi. Shekara hamsin da na fara zuba shi, yau yarinyar da ba ta kai shekarun takalmina ba ta nuna mini cikinsa.

Duván ya ce ke nan mutumin bai yi kuskure a aiki ba. Maryuri ta ce ko kaɗan. Ta ce aikin ba shi da aibi, zaɓen ne.

Ashe mako uku ina roƙon Allah ya sa a sami rami.

Alhamis, 27 ga Maris, 6:30 na yamma

Sun ce da za su sami irinta lafiyayya da sun gwada ta. Na ce na san inda ake samun uku.

Na ɗauki sukundireba na hau. Ta farko tana matakala ta biyu, da sauƙi. Ta biyu tana ta biyar. Ta ƙarshe tana ta goma sha ɗaya, kuma kafin ka kai can sai ka wuce ta takwas, inda sauran rabin yake manne a bango har yanzu. Na tsaya a ta bakwai. Na sauko da biyu. Biyu ma sun isa gwaji.

Juma'a, 28 ga Maris, 5:00 na yamma

Mun ɗaura ɗaya a jikin ginshiƙin maƙera. Muka riƙa rataya mata buhunan yashi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har kilo ɗari da tamanin. Ko gezau. Na ji ƙirjina ya ɗan tashi, tsohon banza. Duván ya ce a ƙara shi a kai, shi ma buhu ne.

Sai Maryuri ta sa aka sauke duka. Ta ɗaure buhu ɗaya tak, kilo ashirin da biyar, da igiya mai sako-sako, ta ɗaga shi zuwa ƙugunta. Ta ce mutumin da santsi ya ɗauka ba ya jingina a hankali, cafka yake yi. Ta saki.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an karya busasshen rake. Furen ya gangara har ƙarƙashin injin huda.

Na taɓa jin wannan ƙarar, daga kicin, ina zuba wa kaina kofi.

Ta biyu ma haka. Sannan suka ɗaura tasu, wani fallen ƙarfe da suka sa na lanƙwasa musu jiya cikin minti goma, mummuna kamar ƙugiyar mahauta. Aka saki buhun. Ta durƙusa, amma ba ta saki ba. Aka sake, ta ƙara durƙusawa, tana riƙe da buhun.

Da na juya na ga Yolima a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Lahadi, 30 ga Maris, 12:00 na rana

Hermencia ta fara tsayawa da abin turawa, taku huɗu. Mu biyu muna ɗakin, ni da Yolima, kowa yana magana da ita, ba mai magana da ɗan'uwansa. Hermencia ta kalle ni ta kalli Yolima, ta ce ita dai ta gaji da zama gidan waya. Ta ce tukunya ɗaya aka narka mu, ba mai iya sunkuyawa a cikinmu. Na ce ni ai yau da safe na sunkuya na ɗaure takalmi. Ta ce in rufe mata baki.

Likita ya ce in an sallame ta ba hawa bene, wata shida ko fiye. Gidan Yolima a ƙasa yake. Ba wanda ya tambaye ni, kuma daidai ne.

Laraba, 2 ga Afrilu, 6:15 na safe

Gobe ɗalibai za su gabatar. Na goge takalmi. Ban san dalili ba, ba ni za a ba maki ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu, 5:50 na yamma

Su ne na shida. Maryuri ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna hoton tsutsotsin, ta nuna na buhu. Ta ce guda huɗu kacal ake so, don haka sassaƙa samfuri da haɗa yashi da kunna tanderu ɓata wahala ne, ko da ƙarfen ya dace. Zaɓinsu fallen ƙarfe mai lanƙwasuwa, kauri milimita shida, a lanƙwasa, a huda, a shafa fenti. Ta ce dalilinsu shi ne in wahala ta fi ƙarfinsa zai sunkuya ya ba mutum lokaci, ba zai sake shi ba.

Yolima ta ce saura tambaya ta huɗu. Duván ya ce wannan ba su da labari, amma duk wanda ya dogara da wannan furen Allah ya jiƙan haƙoransa, kuma da za a nuna masa maƙerin da ya tambaye shi me ya sha ranar. Aji ya fashe da dariya.

Ban shirya ba. Na ji muryata daga baya tana cewa ba abin da ya sha sai kofi.

Aka juyo. Na ce ni na yi. Na ce a matakalar gidana take, kuma wadda ta cafke ta matata ce, yau kwana talatin da uku tana asibiti. Na ce an gaya mini tun kafin ta karye, wadda ta gaya mini ta fi ni sani, na ce mata tun kafin a haife ta nake zubi. Na ce ban zaɓi ƙarfen zubi don ya dace ba, na zaɓe shi don shi na iya, kuma ina so a ga na iya. Na so in ƙara da wani abin dariya don in sauke su, na laluba ban samu ba. Karo na farko a rayuwata.

Duván ya zama kamar wanda aka zare wa laka. Ya ce, maestro, ban sani ba. Na ce da ka sani da ka yi ƙarya, da an rage maka maki.

Yolima tana kallon takardar gabanta. Sannan ta ce wa aji su rubuta abin da don Aquilino ya faɗa na ƙarshe, game da zaɓen abin da mutum ya iya, don zai fito a jarrabawa kuma zai fito bayan jarrabawa. Muryarta ta ɗan karkace a tsakiya. Ta kira na bakwai.

Shi ke nan. Na share maƙera na dawo gida.

Juma'a, 4 ga Afrilu, 6:00 na yamma

Ba saƙo daga Yolima.

Litinin, 7 ga Afrilu, 1:40 na rana

Na tarar da takarda a kan teburin aikina, an danne ta da magagari. Zanen Maryuri ne, an sake shi da awon wani bango daban, guda shida, da sa hannun Yolima a ƙasa. Uku na banɗaki, uku na matakala biyun da ke ƙofar gidanta. A gefe da jan alƙalami: a bi zane, ba ƙari.

Na sayo fallen ƙarfe a kasuwa. Mai shagon ya tambaya ko na koma walda ƙofa. Na ce an yi mini ƙarin girma.

Laraba, 9 ga Afrilu, 5:30 na yamma

Guda shida, awa biyu har da fenti. Munana ne ƙwarai. Na kama kaina ina kallon wani fili a jikin ɗaya inda ɗan ƙaramin fure zai zauna daidai, da cizal da guduma kawai, ba zai rage mata ƙarfi ba. Na mayar da gudumar cikin akwati na kulle, na ba Duván makullin ya riƙe mini zuwa gobe.

Asabar, 12 ga Afrilu, 4:30 na yamma

Na ɗaura su. Yolima tana tsaye a kaina da zane a hannu, ta auna kowane rami kafin in huda da bayan na huda. Ba mu yi maganar komai ba sai milimita. Da na ɗaure na ƙarshe na ɗauko ƙaramar guduma don in ƙwanƙwasa, sabo. Ta riƙe hannuna ta ce waƙa ba ta amsa wannan tambayar.

Ta cire takalmi, ta kama madafar da hannu biyu, ta saki jikinta baya da ƙarfi kamar wadda santsi ya kwashe. Sau biyar. Ta koma ta banɗaki ta yi haka. A na ƙarshe ba ta tashi ba, ta zauna a ƙasa tana riƙe da ƙarfen, tana kuka. Ta ce ita ma ta ga wuyan nan a watan Disamba. Ta ce ta san zai karye, tana koyar da shi duk mako, amma sau ɗaya ta faɗa ta bari don kada ta ɓata mini rai, ta koma gida ta bar uwarta da shi.

Ban san tana ɗauke da wannan ba. Mako shida ina zaton ni kaɗai take hukuntawa.

Na zauna kusa da ita a ƙasan banɗaki, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na ce laifin mai zubi ne, kada ta yi mini ƙwace, shi kaɗai na mallaka. Ta yi wata irin dariya mai haɗe da majina.

"Tashi ka ja, sumercé. Ka fi ni nauyi."

Na ja. Ta riƙe.

Ranar Talata za a sallami Hermencia. Yolima ta ce kujerar falonta ta fi tawa tsawo, kuma akwai fili a baya in kaji ba su da girman kai. Ta ce in zo wa mamá da ruanarta mai ruwan toka da silifas ɗinta, suna gefen gado, a sama.

Lahadi, 13 ga Afrilu, 7:10 na safe

Na hau. A ta takwas na tsaya na kwance sauran rabin, na sa a aljihu, na maƙabartar baɗi ne. Silifas ɗin suna inda ta ce.